NAWA NE KUƊIN ƊAN TAYI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani a watan Yuli na 2015 wasu masu adawa da zubar da ciki a Amurka suka saki hotunan bidiyo da suka ɗauka a ɓoye. A ciki an ga jami'an Planned Parenthood, ƙungiya mai asibitocin zubar da ciki, suna zancen kuɗi a kan sassan jikin ɗan tayi waɗanda a ke kai wa masu binciken magani. A watan Oktoba Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Marsha Blackburn. Ya yi fiye da shekara yana kiran shaidu, ya fitar da rahoto a Janairun 2017.

Kada ƙin abu ya sa ka yi ƙari a kansa, domin aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurce mu da tantance labari. An yi wa hotunan nan yanke-yanke, 'yan Dimokurat na kwamitin sun ƙi rahoton, kuma babu kotun da ta kama ƙungiyar da laifin sayarwa. Amma wasu kamfanoni biyu na Kalifoniya, DaVinci Biosciences da DV Biologics, an kai su ƙara a kan cin riba, suka yarda da sulhun sama da dala miliyan 7 a 2017.

To, me a ka yi ta jayayya a kai? Dokarsu ta 1993 ta hana sayarwa, amma ta halatta karɓar kuɗin ɗauka da adanawa da aikawa. Sai babban gardamar ya koma lissafi: wannan dala ladan ɗawainiya ce ko riba? Subhanallahi! Hantar ɗan Adam a kan tebur, manya suna duba rasit! Ai tambayar da ta riga wannan ita ce: wa ya mallaki jikin nan har ya bayar da shi? Uwa ba ta mallake shi ba, balle likita. Kai kanka jikinka amana ce, shi ya sa ba ka da ikon sayar da ƙodarka.

Musulunci bai rufe ƙofar ilmin likita ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yarda a amfana da ɗan tayin da ya ɓare da kansa, ko wanda a ka cire da uzurin Shari'a, kamar ceton ran uwa. Amma ta hana a zubar da ciki don a sami sassan, ta kuma hana ciniki a kansu sam.

Kada ka ce wannan ta Turawa ce. Saurayin da ya ɓata 'yar mutane, sannan ya tura ta wurin mai allura da kuɗi a hannu don gudun kunya, shi ma ya yanka wa ɗansa farashi. A mashhurin mazhabar Malik ba a zubar da ciki ko bai kai kwana 40 ba. Kuɗin da Shari'a ta ambata a kan ɗan tayi kuwa shi ne gurra, ɗaya bisa goma na diyyar uwarsa. Wanda ya jawo ɓarin shi zai biya, a bai wa magada, kuma ko shi ne uban ba ya cin ko kwabo a ciki.