Kafin mu ce a kori koci

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo a nan Dutsi, ko a teburin mai shayi bayan an tashi wasa, ya san maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin magoya baya: a kore shi. 'Yan gaba sun yi wasa uku ba su ga raga ba, a kori koci. Ya yi canji ana saura minti goma aka farke mana ƙwallo, a kori koci. Daga can gefe kuma sai wani ya ɗaga murya ya ce a yi haƙuri da bawan Allah, ba shi ne zai shiga fili ya buga ba. Haka za a yi ta musu har a kashe janareta, kowa ya kama hanyar gida da ra'ayinsa.

Ni ma ɗan kallo ne tun zamanin da muke kasa kunne a rediyo, kuma Katsina United ce tawa a gida. Sai dai da safe ina koyarwa a firamare, da la'asar kuma ina karantar da yara a Islamiyya, shi ya sa wannan musu ba ya tsaya mini a kan ƙwallo kaɗai. Tambayar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce, malaman tauhidi da na fiƙihu sun daɗe suna juya ta: da me ake yi wa mutum hukunci, da abin da hannunsa ya aikata, ko da abin da ya faɗo masa?

Masu cewa a kora suna da hujja, kuma ba na raina ta. An ɗauki mutum aiki, ana biyansa, a ƙungiya irin Katsina United ma da kuɗin jama'ar jiha ake biyan. Amana ce. Wanda aka ba amana ya kasa, ba a barinsa a kanta don kunya ko don sabo. Matashin da ya tara kuɗin mota ya hau a mararrabar Shargalle ya tafi filin wasa na Muhammadu Dikko, ya dawo cikin dare da baƙin ciki, yana da bakin tambaya. Inda na rabu da su shi ne yadda suke ɗaukar sakamakon wasa ɗaya ko biyu tamkar ya gama bayyana ko wane ne mutumin.

A ƙarshen kakar 2022 Katsina United ta faɗi daga babbar gasar Najeriya. Tare da ita Kano Pillars ta faɗi, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A cikin wannan kakar ne, a wasan da ƙungiyoyin biyu suka yi a filin Sani Abacha, 'yan kallo suka tayar da hatsaniya aka farfasa motar 'yan wasan Katsina, hukumar gasa ta zaftare wa Pillars maki uku. Makin nan ba koci ne ya zubar da su ba. Amma a majalisarmu sunayen masu horarwa aka yi ta kira, ba a zauna an auna rabon da ya hau kan 'yan kallo ba, ko na shugabannin ƙungiya, ko na wahalar tafiyar mota daga Arewa zuwa Kudu kafin wasa. Koci shi ne wanda ake gani tsaye a bakin fili, sai kowa ya sauke masa kayansa. A 2023 duka biyun suka dawo.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na marigayi Shu'aibu Amodu. A 2001 aka miƙa masa Super Eagles bayan tafiyar Bonfrere, lokacin da zuwa gasar cin kofin duniya ya kusa kuɓucewa. Ya ci wasannin da suka rage, ya samo gurbin. Da aka je gasar kofin Afirka a Mali a farkon 2002, Senegal ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe, muka zo na uku, sai aka sallame shi aka ba Onigbinde. A Koriya da Japan maki ɗaya tak muka samo. Bayan shekaru takwas abin ya sake maimaituwa kamar an rubuta: ya samo gurbin 2010, ya zo na uku a Angola bayan Ghana ta ci mu ɗaya da nema, aka ɗauke shi aka kawo Lars Lagerbäck daga Suwidin. A Afirka ta Kudu ma maki ɗaya ne. Sau biyu ya kai ƙasarsa bakin ƙofa, bai taɓa shiga a matsayin koci ba. Ya rasu ranar 10 ga Yunin 2016, cikin watan azumi, kwana uku bayan rasuwar Stephen Keshi wanda ya yi masa mataimaki. Allah ya jiƙansa.

To amma adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen labarin. Gurbin 2010 ɗin nan da ake yaba masa, ba ƙoƙarinsa kaɗai ya kawo shi ba. A ranar ƙarshe, cikin Nuwamban 2009, mun ci Kenya uku da biyu a Nairobi, amma wannan ba zai wadatar ba da a ce Tunisiya ta doke Mozambik a Maputo a wannan yammacin. Wasan da wasu suka buga a wata ƙasa, waɗanda Amodu bai horar ba, bai ma san abin da za su yi ba, shi ya buɗe hanya. Da Tunisiya ta ci, da an ce ya gaza. Da Mozambik ta ci, aka ce gwani ne na wata biyu, sannan aka ce ya gaza. Mutumin kuwa shi ne dai, iliminsa bai ƙaru ba, bai ragu ba.

A nan ne nake ganin addininmu ya riga mu warware zaren. An koya mana tun muna yara cewa komai da ƙaddarar Allah yake, an kuma koya mana cewa ƙaddara ba mafaka ba ce ga malalaci. Hadisin mai raƙumi sananne ne: an umurce shi ya ɗaure dabbarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Bawa yana da nasa rabo, wato niyya da zaɓi da kama sababi, kuma a kan wannan za a tambaye shi. Abin da sababin zai haifar yana hannun Ubangiji. Manoma biyu a gonaki maƙwabta za su kai taki, su yi shuka da ruwan farko, su yi noma da maimai a kan lokaci, sai ruwa ya ɗauke a Agusta geron duka biyun ya ƙone. Wani na uku ya makara da shuka don sakaci, sai damina ta ja, ya cika rumbu. Babu dattijon Dutsi da zai ce na ukun ya fi su iya noma.

Akwai kuma hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim game da mai hukunci: idan ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya dace yana da lada biyu, idan ya yi ƙoƙarin ya kuskure yana da lada ɗaya. Dubi wannan ma'auni da kyau. Kuskuren yana nan a matsayin kuskure, ba a mayar da shi daidai ba, amma an raba shi da sakaci. Mu kuwa a gidan kallo ba mu da wannan rabewa. Kocin da ya kwana yana nazarin abokan karawa, ya tsara wasa, ɗan gabansa ya samu raga ba gola ya buga waje, kamar yadda ya faru da Yakubu Aiyegbeni a wasan Koriya ta Kudu a 2010, hukuncinsa ɗaya a wurinmu da wanda ba ya zuwa atisaye.

A shekara ta 8 bayan Hijira rundunar Musulmi ta dawo daga Mu'uta. Kwamandoji uku sun yi shahada, Zaidu da Ja'afar da Abdullahi ɗan Rawaha, Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta ya janye mutanensa daga gaban rundunar da ta ninka su. Masu tarihi sun ruwaito cewa wasu mutanen Madina sun tarye su suna watsa musu ƙasa, suna kiransu masu gudu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi wannan suna, ya ce su masu komawa fage ne. Ba ina daidaita wasa da jihadi ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne halin taron jama'a bai canza ba: wanda bai je fage ba yakan yi hukunci da abin da ya gani a bakin gari.

Shin wannan na nufin kada a taɓa sauke kowa? A'a. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya sauke Khalid ɗin nan daga jagorancin yaƙi alhali ba a ci shi ba. Ya kuma sauke Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas daga gwamnan Kufa bayan mutanen garin sun kawo ƙara, har da cewa bai iya salla ba. Amma duba yadda ya yi. Ya kira Sa'adu ya ji ta bakinsa. Ya aika aka bi masallatan Kufa ana tambaya, aka yi ta yabonsa in ban da mutum guda. Duk da haka ya canza shi, don shugabanci ba ya tafiya inda zukata suka juya baya. Daga baya, yana kan gadon ajali, ya sa sunan Sa'adu cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma bayyana cewa bai cire shi don gazawa ko ha'inci ba. Ya karɓe kujerar, ya bar wa mutumin mutuncinsa cikakke.

Wannan ita ce rabewar da nake so mu koya. Ana iya canza koci don 'yan wasa sun daina jin maganarsa, ko don ƙungiya na buƙatar sabon hannu, kuma wani lokaci canjin kan yi amfani. Kwadebuwa ta sallami kocinta Gasset a tsakiyar gasar kofin Afirka a farkon 2024 bayan an lallasa ta huɗu da nema, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, suka ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe a Abidjan. Mu kuma mun sallami Gernot Rohr a Disamban 2021, Tunisiya ta fitar da mu a Garwa, sannan Ghana ta hana mu zuwa Ƙatar a Abuja a watan Maris na 2022, 'yan kallo suka afka fili suka yi ɓarna. Kowane ɓangare na majalisarmu yana riƙe da misali ɗaya daga cikin biyun yana kaɗa wa ɗan'uwansa. Ni abin da na fahimta shi ne ita kanta korar sababi ce, sakamakonta ba a hannun mai kora yake ba.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Wata rana na ji wani ɗalibina, yaro mai ladabi da ke gaishe ni har ƙasa, yana zagin uwar wani koci a bakin gidan kallo, yana rantsuwa cewa ya sayar da wasa. Na kira shi gefe.

“Kai ɗana, ka ga lokacin da aka ba shi kuɗin?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Malam ban gani ba, haka dai kowa ke faɗa.”

Na tuna masa abin da muka karanta a Suratul Hujurat game da zato da giba da binciken labari kafin a yarda da shi. Kasancewar mutum yana fitowa a talabijin bai halatta namansa ba, kuma nisan da ke tsakanin Dutsi da Landan ko Aba bai hana mala'iku rubutu ba. Ka ce tsarinsa bai yi ba, ka ce ya makara wajen canji, wannan sharhi ne a kan aiki, babu laifi. Cewa ya ci amana kuwa tuhuma ce, mai yin ta sai ya kawo shaida, yau ko ranar da babu mai tsaya wa wani.

Don haka idan musu ya zo kaina a majalisa, nakan nemi a fara amsa mini wasu abubuwa. Shi ya zaɓi 'yan wasan ko ɗora masa su aka yi? Ana biyan yaran albashi da alawus a kan kari? Kurakuran da muke gani iri ɗaya ne suke ta dawowa, ko kuwa yana gyarawa? In an amsa waɗannan aka ga lallai sai an canza, to a kira shi a faɗa masa ido da ido, kada ya tsinci labarin a rediyo, a kuma biya shi abin da yarjejeniya ta tanada kafin ya bar gari. Rohr sai da ya kai ƙara gaban FIFA kafin aka yanke cewa a biya shi haƙƙinsa. Masu horar da ƙananan ƙungiyoyinmu na unguwa da na ƙaramar hukuma, waɗanda sau da yawa daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan sha, ba su da inda za su kai tasu ƙarar.