Maganin Kashe Zafin Idon Dabba: Wane Ne Mai Tausayi?

'Yan'uwa matasa, shin duk wanda ya ɗauke wa mai ciwo raɗaɗi ya tausaya masa ke nan? Bari mu nemi amsa a ɗakin likitan dabbobi.

Idan aka kawo kyanwa ko kare ido a runtse yana zubar da hawaye, likita yakan ɗiga masa wani magani mai suna proparacaine, ko makamancinsa tetracaine. Cikin kamar minti 1 tantanin gaban ido zai daina jin komai, ya zauna haka wajen minti 15 ko fiye. A wannan ɗan lokaci ne likita zai auna matsin ruwan ido don gano hawan jinin ido, ko ya zare ƙwayar ciyawa da ta maƙale ƙarƙashin fatar ido, ba tare da dabbar ta yi ta fizge-fizge ba. Wannan ilmi kuwa daga idon dabba ya faro, domin a shekarar 1884 likita Karl Koller, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, sannan zomo da kare, kafin ya gwada a nasa idon.

To, ga inda maganar take. Mai dabba ya ga kyanwarsa ta buɗe ido nan take, sai ya roƙi a ba shi kwalbar ya tafi da ita gida. Likita kuma ya ƙi. Wane ne mai tausayi a cikinsu?

Dalilin likita shi ne, yawan ɗiga maganin yana lalata ƙwayoyin halittar tantanin ido, ya hana gyambo warkewa. Haka nan idon da ba ya jin zafi yakan rage ƙiftawa, ya bushe, dabbar ta sosa shi da farce ba ta sani ba. Ƙaramin rauni sai ya zurfafa, har ya kai ga makanta. Ashe zafin nan mai gadi ne, wanda ya sallame shi ya bar ƙofa a buɗe.

Wani zai ce, ai dabba ba ta san gobe ba, zafin yanzu kaɗai ta sani, don me za a sa ta haƙurin da ba ta fahimci amfaninsa ba? Maganar tana da nauyi. Amma rashin sanin goben nan shi ne ya ɗora amanar a wuyanmu, tunda mu aka ba hankalin hangen gaba. Kuma likitan kirki ba ya sallamarta cikin azaba. Yakan ba da maganin rage ciwo na sha, da na kashe ƙwayoyin cuta, da abin wuya mai siffar mazurari don hana sosawa.

Mu kuma tambayi kanmu tsakani da Allah: lokacin da muke neman kwalbar nan, zafin dabbar muke so ya tafi, ko damuwar da kukanta ke sa mu? Sau da yawa kunnenmu muke yi wa magani, alhali kuwa son zuciya ɓacin zuciya ne.

Saboda haka muna ganin ɗauke raɗaɗi yana zama tausayi ne idan ya share hanyar waraka. Likitan da ya ɗiga maganin da kuma likitan da ya hana kwalbar, mutum ɗaya ne, niyyarsa ɗaya. Allah Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ba ya iya kai ƙara, amin.