Abokan Daniyel a Makarantar Babila

Karatu: Daniyel 1:1-21, 2:12-23
Ayar haddacewa: Karin Magana 13:20

Kowace shekara muna yi wa 'ya'yanmu addu'a, mu raka su tasha, su tafi jami'a: wannan Zariya, wancan Jos, wata Maiduguri. A makonnin farko sabon ɗalibi bai san kowa ba. Layin rajista ya gajiyar da shi, ɗakin kwana cike da baƙin fuskoki, ga kewar gida. A irin wannan hali, duk wanda ya fara miƙo hannu shi ake kamawa, kuma Shaiɗan ya san haka.

Daniyel ma ya taɓa zama sabon ɗalibi. Sarki Nebukadnezzar ya kwaso samarin Yahuda zuwa Babila, ya sa a koya musu harshe da ilimin Kaldiyawa har shekara 3. An ba su abincin sarki da ruwan inabinsa, an ma sake musu sunaye. Ba uba, ba uwa, ba haikali. Daniyel ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba, amma ku lura, ba shi kaɗai ya tsaya ba. Hananiya, Mishayel da Azariya suna tare da shi. Su huɗu suka ci kayan lambu da ruwa kwana 10, su huɗu kuma Allah ya ba ilimi da fahimi, har sarki ya same su sun fi masu sihirin ƙasarsa sau 10.

Amfanin wannan abota ya fito fili a sura ta 2. Da sarki ya ba da umarni a kashe dukan masu hikima, Daniyel ya roƙi a ba shi lokaci, ya koma gida, ya faɗa wa abokansa su roƙi jinƙan Allah. A cikin wahayi da dare Ubangiji ya bayyana masa asirin. Ɗana, 'yata, ranar da kuɗi ya ƙare, ko sakamakon jarrabawa ya fito ba daɗi, ko wani ya matsa miki da abin da bai kamata ba, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Wanda zai durƙusa tare da kai, ko wanda zai miƙo maka ƙwaya ya ce ka manta da damuwa?

Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiyar asiri ba ta zuwa da sunanta. Tana zuwa da murmushi, da farantin abinci, da alkawarin kāriya. Haka satar jarrabawa da cacar waya suke shigowa, ta bakin aboki. Rehobowam ya bar shawarar dattawa ya bi ta samarin da suka girma tare, kabila 10 suka fita daga hannunsa (1 Sarakuna 12).

Saboda haka, tun makon farko ka nemi zumuntar ɗalibai masu bi, kamar FCS ko NIFES, ka kuma nemi majami'a. Kada ka tsaya a bencin baya; shiga ƙungiyar addu'a ko ta mawaƙa, a san sunanka. Ka bayyana bangaskiyarka da wuri, domin wanda ya ɓoye ta a zangon farko da wuya ya fito da ita a na uku. Ka gaishe da kowa, ka mutunta abokin ɗakinka ko da addininku ba ɗaya ba ne. Daniyel ma ya sami tagomashi wurin shugaban fadawa, mutumin Babila. Amma sirrin zuciyarka, sai ga wanda ka ga tsoron Allah a rayuwarsa. Kai ma ka zama irin abokin da kake nema.

Iyaye, in kun kira waya, kada tambaya ta tsaya kan kuɗi da abinci. Ku tambayi sunayen abokansu, ku sa su cikin addu'a.

Addu'a: Ya Uba, ka haɗa 'ya'yanmu da Hananiya, Mishayel da Azariya nasu. Duk abotar da za ta ɓata makomarsu, wutar Ruhu Mai Tsarki ta raba ta. Cikin sunan Yesu, Amin.