Shekara Biyu Kacal

Duk wanda ya tashi a Briketeri, unguwarmu ta Hausawa a Yawunde, ya san da zarar an rufe makarantu a watan Yuni, ba abin da yara ke jira sai gasar ƙwallon hutu. Muna ƙanana ba ta da wani tsari. Layi da layi ake karawa, duwatsu biyu su ne raga, kiran sallar magariba shi ne usur ɗin tashi. Kowa cikinmu Roger Milla ne, domin a 1990 Kamaru ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a gasar cin kofin duniya a Italiya.

Sannu a hankali abin ya girma. 'Yan kasuwa suka fara sayen riguna, masu tsire suka haɗa kuɗin kofi, aka raba yara bisa shekaru, aka ce kowa ya zo da takardar haihuwa. Masu neman 'yan wasa daga makarantun koyon ƙwallo suka soma leƙowa. Ni kuwa da gwiwa ta gaza, sai aka danƙa mini littafin rajista.

Wata rana bayan la'asar, wani dattijo tela, aminin mahaifina, ya zo mini da jikansa. Yaron shekararsa goma sha biyar, amma yana so in rubuta shi cikin 'yan goma sha uku. Ya ce, "Ɗana, shekara biyu ce kacal. Maraya ne. In ya yi fice cikin ƙanana, wani zai gan shi ya ɗauka." Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, bari in kwana da maganar."

Mai karatu, kada ka yi saurin yanke wa dattijon hukunci, yana da hujja. Yara da yawa a nan ba a yi musu takarda ranar haihuwa ba, sai daga baya a karɓo ta hannun kotu, kuma kowa ya san ana rage shekaru. Idan kowa yana yi, wanda ya ƙi ba kansa ya cuta ba? Kuma mene ne laifin ƙaryar da za ta ciyar da maraya?

Da na yi ta juya maganar, sai na gane inda take da rami. Mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, ba a ƙarawa. In na shigar da jikan Kawu, dole wani ɗan goma sha uku na gaskiya ya koma benci. Wannan yaron bai zo gabana ba, ba shi da kakan da zai roƙa masa, wataƙila shi ma maraya ne. Aibin tausayi ke nan: fuskar da ke gabansa kawai yake gani. Abin da zan kira taimako, daga aljihun wani zan ciro shi, mai aljihun bai sani ba.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Amurka, gasar yara ta besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, ta fara a 1939 a garin Williamsport da ƙungiyoyi uku, har ta zama gasar duniya. A 2001 aka gano gwarzon wata ƙungiya daga Bronx shekararsa goma sha huɗu, ba goma sha biyu ba, aka soke duk nasarorinsu, har da gumin yaran da ba su yi ƙarya ba. A nan gida, bayan Samuel Eto'o ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa a Disamban 2021, an yi wa 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai gwajin ƙashi, aka sallami 21 cikin 30. A lokacin ofishin hukumar yana Tsinga, maƙwabtanmu. Irin waɗannan takardu a teburi irin nawa ake fara karɓarsu.

Akwai kuma abin da shi yaron zai koya. Da duwatsu muka fara wasan nan don yara su san doka, su iya shan kaye. Idan darasinsa na farko shi ne manya na gyara gaskiya in ta tsaya musu a hanya, me muka raina?

Washegari na rubuta shi cikin sa'o'insa. Rabin gasar a benci ya yi ta, ba wanda ya ɗauke shi. Yanzu yana kan keken ɗinki kusa da kakansa. Kawu yana amsa gaisuwata, amma ya daina tsayar da ni hira. Ba zan ce hakan ba ya damuna ba. In na wuce shagon nakan tambayi kaina ko na toshe wa yaron wata ƙofa. Ɗaya yaron kuwa, wanda ya buga wasansa a gurbinsa, ban san ko wane ne ba, shi ma bai san an taɓa cinikin gurbin ba. Allah ya sa mu dace.