Ƙaddara Ce Ko Sakaci? Darasin Wasannin Ban Tausayi A Ajin Ƙarshe

Duk shekara, da zarar hunturu ya ja da baya, zafin bazara ya kunno kai, sai ajin ƙarshe na makarantar sakandare ya sake kama. Yaran da muka sani da surutu da tsalle-tsalle sai su yi tsit, kowa ya rungumi tsofaffin takardun tambayoyi, hira kuwa ba ta wuce ta cike fom ɗin JAMB, da zaɓen jami'a, da kwas ɗin da ya fi wuyar shiga. A daidai wannan lokaci ne mu malaman adabi muke shiga aji ɗauke da littattafan da babu ko ɗaya a cikinsu da ya ƙare da daɗi. A wannan sarki ya ƙwaƙule idanunsa, a wancan jarumi ya shaƙe matarsa a kan gadonta, a ɗayan kuma an sare kan wanda ya ƙwaci sarauta.

To, tambayar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya ita ce, shin adalci ne mu ɗora wa 'yan shekara goma sha bakwai labaran halaka a lokacin da suka fi bukatar ƙarfin guiwa? Mun kawo ta wannan fili ne domin ta shafi marubuta kamar yadda ta shafi malamai, tun da abin da marubuci ya rubuta yau shi malami zai koyar gobe.

Tambayar da ta tsayar da darasi

Wata rana muna karanta wasan Ola Rotimi mai suna The Gods Are Not to Blame, wanda aka fara nunawa a Ile-Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Rotimi ya ɗauko labarin ne daga wasan Sarki Odifus na Sofokilis, mutumin Girka, wanda aka rubuta fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mayar da shi ƙasar Yarbawa. Ga waɗanda ba su karanta ba, ga shi a taƙaice. An haifa wa sarkin Kutuje ɗa, sai boka ya ce yaron nan zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Aka ba wani bafade shi ya kai shi daji ya kashe, tausayi ya hana shi. Yaron, wato Odewale, ya girma a wani gari a hannun wani maharbi, bai san asalinsa ba. Da ya ji abin da aka ce zai aikata, sai ya gudu daga waɗanda ya ɗauka su ne iyayensa, ashe gudun ne zai kai shi ga abin da yake gudu.

Muna cikin bayani sai wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan tun kafin ya yi wayo an gama yanke abin da zai same shi, to mene ne laifinsa?" Kafin mu buɗe baki, wani daga bayan aji ya ce, "Malam, ai JAMB ma haka take. Wanda aka rubuta zai shiga jami'a zai shiga, ko ya yi karatu ko bai yi ba." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Nan muka gane cewa yaran nan ba Odewale suke tambaya a kai ba, kansu suke tambaya.

Ba mu amsa ba. Sai muka ce kowa ya koma ya sake karanta wurin da Odewale ya kashe dattijon nan a gona. Da suka karanta sai suka ga abin da ya wuce su da farko. Rigimar fili ce ake yi, kuma Odewale ya jure, har sai da dattijon ya yi wa ƙabilarsa da harshensa ba'a. Nan zuciya ta ɗebe shi ya yi kisa. Bai san ubansa ba ne, wannan gaskiya ne, amma ya san mutum ne, ya kuma san tsoho ne. Rashin sanin asalinsa abu ne da ya same shi. Ɗaga makami a kan tsoho saboda baƙar magana kuwa abu ne da ya aikata. Sunan littafin ma abin da yake nufi ke nan, kada a ɗora wa gumaka laifi. A lokacin da aka rubuta shi 'yan Nijeriya na kashe juna a kan ƙabila, ana kuma ɗora laifin a kan manyan ƙasashen waje.

Abin da ya same ka da abin da ka aikata

A ganinmu babban amfanin irin waɗannan wasanni shi ne, suna koya wa mutum ya raba abubuwa biyun nan da mu Hausawa muka saba cuɗa su a cikin kalma ɗaya, wato ƙaddara. Yarda da ƙaddara ginshiƙi ne a wurinmu, babu mai ja. Amma sau da yawa mukan mayar da kalmar mayafin da muke rufe sakacinmu. Direba ya yi lodin da ya wuce kima, taya ta fashe, a ce ƙaddara. Ɗalibi ya shekara uku bai buɗe littafin lissafi ba, ya faɗi, a ce ƙaddara. Alhali mu ne kuma muke cewa Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Aristotal, masanin Girka da ya fara tsara ƙa'idojin irin wannan wasa, ya nuna cewa jarumin da ya dace da shi ba waliyyi ba ne, ba kuma tantirin mugu ba. Mutum ne tsaka-tsaki, mai daraja, wanda wani kuskure nasa ya kayar da shi. Ya ce kallon faɗuwarsa yakan haifar da tausayi da tsoro a zuciyar mai kallo, har su wanke ta. Tausayi domin azabar ta fi laifin girma, tsoro kuwa domin mutum ne irinmu.

Duba wasan Makbet na Shakisfiya. Mayu uku sun tare Makbet da abokinsa Banko a hanya, suka yi wa kowannensu albishir. Makbet aka ce zai zama sarki, Banko aka ce zuriyarsa za ta yi sarauta. Dukkansu sun ji, amma ɗaya ne kaɗai ya ɗauki wuƙa ya kashe Sarki Dankan, yana baƙo a gidansa. Albishir bai riƙe hannun kowa ba. Haka kuma Otelo, wanda ɗalibanmu suka karanta a manhajar WAEC daga 2016 zuwa 2020. Yago ya shirya masa makirci da ɗan hankicin matarsa, amma Otelo ne ya zaɓi ya gaskata tsegumi ba tare da ya zauna da Dasdimona ya saurare ta da zuciya ɗaya ba.

Kada a ce wannan hikimar Turawa ce kawai. Muna da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East tun shekarun 1930. Attajiri ya yi amfani da dukiyarsa ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya bi duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya zama ɓarawo, har ya kashe ubansa ba da saninsa ba. Wa za a ce ya yi laifi? Kowa ya sa hannu, kowa kuma ya ɗanɗana.

Inda maganar ta zo gida

Wani ɗalibinmu mai ƙoƙari ya same mu bayan an tashi, ya ce kawunsa ya yi masa tayin mayar da rajistarsa wata cibiya a ƙauye inda ake rubuta amsa a kan allo. Ya ce, "Malam, kowa yi yake. In na ƙi, na faɗi Turanci, shekara ta tafi, Baba kuma ba shi da kuɗin sake biya." Ba mu yi masa wa'azi ba, domin ya san halal da haram kamar yadda muka sani. Muka dai tambaye shi, bayan Makbet ya sami gadon sarauta, ya ƙara yin barci mai daɗi? Ya yi shiru. Muka ce masa, yaro, takardar da ka saya za ta shigar da kai jami'a, amma ba za ta zauna maka jarrabawar zangon farko ba, kuma kisan farko shi ya jawo wa Makbet na biyu da na uku.

Ba za mu ce mun san abin da ya yanke ba, domin bai dawo ya gaya mana ba. Ba kuma za mu yi masa alkawarin cewa mai gaskiya kullum shi ke samun gurbi ba, domin ƙarya ce. Wannan shi ne ɗaya gefen darasin, kuma ya fi ɗaci. Akwai abin da yake samun mutum ba tare da ya yi laifin komai ba. Dasdimona ba ta yi kome ba, aka kashe ta. Guraben jami'o'inmu ba su kai yawan masu nema ba, saboda haka dole wasu masu ƙoƙari su rasa. A 2025 hukumar JAMB da kanta ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito bainar jama'a yana hawaye ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Kafin a gano haka, yara nawa ne aka kira malalata a gidajensu?

Ashe ke nan wanda ya karanta wasan ban tausayi da idon basira zai fito da abu biyu. Zai tsananta wa kansa bincike, ya daina fakewa da ƙaddara a kan abin da yake hannunsa. Zai kuma sassauta wa wanda ya faɗi, domin ya ga yadda mutumin kirki yake faɗuwa. Wanda aka ciyar da shi labaran da kullum nagari ke cin riba, ranar da ya ga sunansa babu a jerin waɗanda aka ɗauka, sai ya ɗauka ko dai shi ba kowa ba ne, ko kuma nagarta ba ta da amfani. Duka biyun halaka ne.

Su ma su riƙe alƙalami

Wani uba ya taɓa ce mana, "Malam, yaron nan likita nake so ya zama, ku kuna ɓata masa lokaci da waƙa." Muna ganin uzurinsa, domin waƙa ba ta ƙara maki ko ɗaya a cikin 400 na JAMB. Duk da haka mukan ware rabin sa'a ranar Alhamis mu ce kowa ya rubuta baiti biyar a kan abin da yake tsoro. Da farko sukan kawo mana yabon ilimi da zagin jahilci, irin abin da suke zaton malami ke son ji. Sai mun mayar musu sau biyu ko uku kafin gaskiya ta fito. Wata ta rubuta a kan akwatin lefe da ta ji ana zancensa a tsakar gida, tana tsoron ya riga sakamakon jarrabawa isowa. Wani ya rubuta a kan yayansa da ya zauna JAMB sau uku, yanzu yana tuƙa babur mai ƙafa uku, ba ya son a yi zancen makaranta a gabansa.

Amsa-amon nasu yakan karye, kari yakan yi ɗingishi, amma wannan gyaruwa yake yi. Abin da suka samu shi ne, neman kalmar da za ta cika ɗango ya tilasta musu su tsaya su dubi abin da ke cin ransu, su kira shi da sunansa. Aliyu Namangi makaho ne, bai zaɓi makanta ba, amma ya zaɓi abin da zai yi da ita, ya bar mana Imfiraji. Likitan da ya taɓa rubuta tsoronsa kuwa, muna kyautata zaton zai fi sauraren majinyaci.

Kira ga 'yan uwa marubuta

Saura mu. Yawancin littattafan da muke rubutawa a kan ɗaurin aure suke ƙarewa, muguwar kishiya ta haukace, talakan saurayi ya zama attajiri, kowa ya sami daidai abin da ya shuka. Muna cewa muna koyar da tarbiyya ne. Amma tarbiyyar da ta ɓoye wa yaro cewa ana iya yin daidai a sha wuya, ba ta shirya shi shiga duniya ba. Muna roƙon masu tasowa a cikinmu su gwada rubuta mutumin kirki mai aibi guda, su bar aibin ya yi aikinsa har ƙarshe, kada tausayi ya sa su aiko da wani Alhaji a babin ƙarshe ya biya bashi ya ɗinke ɓaraka. Ba muna cewa a daina labarin farin ciki ba ne. Cewa muke tuwo ɗaya ba ya zama abincin gida kullum.

Ita kuwa ɗalibar nan da ta tsayar mana da darasi, a ranar da muka kammala littafin ta sake ɗaga hannu ta ce, "Malam, na gane. Ba a tambaye shi inda za a haife shi ba, amma a gonar nan an tambaye shi." Muka ce ta rubuta hakan a takardarta. Ajin ya watse, suka koma ga tsofaffin tambayoyinsu, mu kuma muka share allo. Allah Ya ba su sa'a, Ya kuma ba su juriya in sa'ar ta yi jinkiri, amin.