Ƙofar Titin Lanark

A unguwar Shankill da ke yammacin birnin Belfast akwai wata tsohuwa da ciwon ƙafa ya zaunar. Shankill unguwar 'yan Furotesta ce, masu son Ayilan ta Arewa ta ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Bayan gidajensu akwai katangar siminti da ƙarfe wadda ta fi bene tsayi, irin waɗanda aka fara kafawa tun 1969. Ƙetarenta kuwa unguwar Falls ce ta 'yan Katolika, waɗanda burinsu a haɗe da Jamhuriyar Ayilan. A titin Lanark akwai ƙofar ƙarfe tsakanin unguwannin biyu, a buɗe ta da safe, a rufe da yamma.

Bam ne ya kashe mijin tsohuwar nan tana da goyo, cikin rikicin shekara 30 da ya ci rayuka sama da 3,500. Da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ranar 10 ga Afrilu 1998, aka kuma yi ƙuri'ar raba gardama a kanta, ta jefa ƙuri'ar ƙin amincewa, don ta ji za a saki fursunonin da suka yi kisa. An kuwa sake su. Ranar da Ian Paisley, gwaninta, ya zauna mulki tare da Martin McGuinness, tsohon kwamandan ƙungiyar 'yan bindiga ta IRA, a 2007, kashe talabijin ta yi.

Da jiki ya ƙi, aka turo mata wata yarinya mai kula da tsofaffi. Tun daga sunan ta gane 'yar Falls ce. A can ba a tambayar mutum cocinsa. Sunansa da makarantar da ya yi sun isa, tunda har yau ko ɗaya cikin goma na yaran ƙasar ba sa zuwa makarantun haɗaka. Tsohuwa ta ɗaure fuska. Yarinya ta ɗora ruwa, ta jiƙa mata ƙafafu, ta tsane tsakanin yatsu da tawul, ta shafa mai, ta naɗa bandeji ba tare da ta matse ba. Haka kullum. Sai da aka yi watanni kafin tsohuwa ta ce mata, "'Yar nan, zuba wa kanki shayin mana."

Ranar 7 ga Afrilu 2021 gari ya rikice. Samarin Shankill, cikin fushin tsarin kwastan da ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta jawo tsakaninsu da sauran ƙasar, suka ƙona motar bas. A ƙofar Lanark ana ta jifa da duwatsu da kwalaben fetur daga ɓangarorin biyu. Yarinya ta leƙa taga, ta ga babu hanyar gida.

"Zauna," in ji tsohuwa. "Ba inda za ki."

Can dare jikan tsohuwa ya faɗo gidan, ɗan shekara goma sha shida, hular sanyi a fuska, yana warin fetur. Ya ga baƙuwa durƙushe tana sauya wa kakarsa bandeji, ya karanta sunan da ke maƙale a rigarta, ya tsaya cak.

"Kaka, kin san ko 'yar ina ce?"

"Na sani tun kafin ka sani. Kai fa, daga ina?"

"Ramuwa muke yi. Su suka kashe Kaka namiji."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa. "Ka taɓa ganinsa? Ni na je asibiti na gane shi, da takalminsa na gane shi. Uwarka na bayana tana tsala kuka. In akwai mai bin bashin jinin nan, ni ce, kuma ban aike ka ba. Wanda ka jefa da kwalba ɗazu sa'anka ne, an haife ku bayan an ajiye bindiga. Su waɗanda suka zuga ku suna gida suna barci." Ta nuna ƙafarta. "Wata nawa rabonka da ka tambayi yadda wannan take? Cire ƙazamar hular nan ka wanke hannu. Gari na wayewa kai za ka raka ta."

Yaro bai ce uffan ba. Da safe ya bi ta a baya, kansa a sunkuye, suna tsallake fasassun kwalabe, har inda ta samu tasi.

Kada mai karatu ya ɗauka tsohuwa ta sauya sheƙa. Tutar Birtaniya na nan a tagarta, kuma ko yau aka tambaye ta cewa za ta yi a bar katanga, don da ita take samun barci. Irinta suna da yawa a ɓangarorin biyu, shi ya sa alkawarin da gwamnatin Ayilan ta Arewa ta yi a 2013 na rushe katangun kafin 2023 ya sha ruwa.

Ranar zaɓen majalisar Ayilan ta Arewa na 5 ga Mayu 2022, yarinyar ce ta tura keken tsohuwa zuwa rumfar zaɓe, ta jira a waje har ta dangwala wa jam'iyyar DUP ta su Ian Paisley. Da ta tashi aiki ta bi ta ƙofar Lanark, ta je ta zaɓi Sinn Féin, jam'iyyar su McGuinness, wadda ta zo ta ɗaya da kujeru 27, DUP na da 25. Washegari da safe ta dawo wankin ƙafa kamar kullum.