Neman Hanya Ko Cin Haƙƙi? Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Kammala Karatun Lauya



Makon jiya bayan sallar isha'i wani dattijonmu ya samu kwamitin masallaci da magana. Ɗansa yana shekarar ƙarshe a karatun lauya, an kuma ce masa akwai mai iya samo wa yaron takardar ɗan asalin wata ƙaramar hukuma a nan Bauchi, don kada aikin gwamnati ya wuce shi. Ya ce, “Malamai, yaron nan a nan ya girma, mene ne laifin?” Mun daɗe shiru, don damuwarsa tamu ce duka.

Mu da muka baro Borno da Yobe sama da shekara 10, mun san abin da ke gaban yaran nan. Bayan shekara 5 a jami'a, ko a Misau ne ko Jos ko Zariya, sai jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da hedkwata a Bwari da rassa irin na Bagauda da Yola. Kowace jami'a da adadin da aka yanka mata, shi ya sa wani yakan zauna gida yana jira. A can za a tura ɗalibi kotu da ofishin lauya don sanin makamar aiki, ya ci jarrabawa, a rantsar da shi, ya yi hidimar ƙasa shekara guda. Sannan ne fa za a shiga yawo da takardu ofis-ofis. Ɗan gari yana da kawu a ma'aikata. Namu kuwa, ubansa tireda yake da ita a Muda Lawal ko Wunti.

To, neman hanya laifi ne? A'a. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba ceto gida biyu, mai kyau da mummuna, kuma mai yin kowanne yana da rabo a cikinsa. Idan Liman ya ɗauki yaro ya kai shi wurin babban lauya ya ce, “Mun san shi, ba ya ƙarya, ba ya makara,” shaida ya bayar, mai ofis kuma yana da damar gwadawa ya gani. Babu wanda aka zalunta. Amma takardar da ta ce an haifi kakanka inda bai taɓa takawa ba, wannan ƙarya ce da hatimi, kuma gurbin da ta buɗe maka na wani ne.

Mun san abin da za a ce: ai tsarin ne ya fara cutar mu. Akwai gaskiya a ciki. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa, amma a ƙofar aiki takardar asali ake fara tambaya. To wa zai tsaya gaban alƙali ya ƙalubalanci wannan, in ba ku ba? Da wane baki kuma, in da takardar bogi kuka shiga? Lauya ba shi da jarin da ya wuce kalmarsa. Kafin a rantsar da shi ma sai an gamsu da halinsa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Fayil ba ya mantuwa, ko bayan shekara 20.

Saboda haka, 'ya'yanmu, kada ku raina ƙaramin farko. Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, mutumin Giade, daga kujerar majistare ya fara, ya kai Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2019. In babban ofishi bai amsa ba, ku je ƙarami mai ɗaki biyu, inda za a ba ku fayil tun makon farko. Ku leƙa Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don marasa kuɗin lauya. Lokacin hutu ku zauna a Babbar Kotu da kotunan Shari'a ku saurara, babu mai karɓar ko kwabo. Kanurinku da Hausarku ma jari ne, mutanenmu nawa ne ke tsaye a kotu ba su gane abin da ake faɗa a kansu ba?

Mu ma akwai namu nauyin. Kwamiti ya amince zai rubuta takardar shaidar hali ga duk ɗalibin da muka sani da gaske, mace ko namiji, iyakar abin da muka sani, ba ƙari. Mai buƙata ya samu sakatare bayan la'asar. Wanda ya san lauya mai neman yaro, don Allah kada ya yi shiru.

Dattijon nan kuwa ya fasa karɓar takardar. Da zai tashi ya ce, “To, sai ku taya mu da addu'a.” Allah Ya buɗa wa yaranmu ƙofar halal, Ya sa gaskiya a bakinsu. Amin.

Sakataren Masallaci